Kwana a Bakin Kwara da Iyali

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Bagudo, na Illo da Lolo, na Ka'oje da Tsamiya, na Zagga da Kende, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu daga Malambil da Madekali da Segbana. Mai jan taru da rediyo a gefen kwalekwale, sannu da aiki. Uwargida da ke hura wuta a bakin bukka, sannu da hidima. Yau maganar taku ce.

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa, magidanci kan biya kuɗi don ya kwashi matarsa da 'ya'yansa su je daji su kafa tanti a bakin rafi, su kwana biyu su huta su komo gida. A nan wajenmu ba hutu ke kai iyali bakin ruwa ba, neman abinci ne. Basarke kan bi kifi ya kafa tunga da iyalinsa na tsawon watanni. Manomin shinkafa kan tare a fadama da rani, ya yi bukka kusa da injin ban ruwa don kada a sace masa shi, matarsa ta biyo shi da tukunya da yara. Bafulatani kan sauko da garke ya yi mashekari inda shanu za su sami ruwa da ɗanyar ciyawa. Akwai kuma waɗanda ba su zaɓa ba, ambaliya ce ta kore su, kamar yadda muka gani a 2012 da 2020, suka koma ƙarƙashin tamfol a kan tudu. Duk waɗannan mutane suna kwana da ƙananan yara a inda babu katanga, babu rijiya, babu asibiti kusa. Abin da nake son mu tattauna shi ne yadda iyali za su yi wannan zama su koma gida adadinsu cikakke, kowa da lafiyarsa.

Kwana a daji da iyali ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A ƙarni na 19, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro kan taso daga Kano da Sakkwato, su biyo ta Jega, su ƙetare Kwara a wajajen Illo ko Gaya, su shiga ƙasar Bargu su miƙe har Salaga. Ayari ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan mutane, har da mata masu dafa abinci, ga jakuna da kaya. Madugu ne shugaba, amma akwai wani mutum da ake kira jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya ya ga inda ya dace a yada zango. Ba a sauke kaya don kawai an gaji ko don an ga inuwa. Sai an duba ruwa, an duba ƙasa, an san ƙasar wa aka shigo. Ku lura, mutanen da ba su da waya ba su da mota sun ware mutum guda sukutum don wannan aiki kaɗai. Mu kuwa yau sau da yawa magidanci na isa da la'asar, ya ga fili mai laushi dab da ruwa, ya ce a kafa a nan don kada ɗibar ruwa ta yi wa mata nisa. Yawancin masifun da zan ambata daga wannan shawara ta minti biyar suke farawa.

Mu fara da kogin kansa. Kwara ba sau ɗaya take cika a shekara ba, sau biyu ne, kuma tsofaffin masunta sun san haka. Cikar farko ita ce ta damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan samanmu ya gangaro ta Gulbin Kabi da Gulbin Ka, da kogunan Benin irin su Sota da Alibori. Ruwan kan zo da laka, shi ya sa ake ce masa farin ruwa. Wannan kowa na ganin zuwansa, domin hadari na sama, ƙasa a jiƙe. Cika ta biyu ita ce ke shammatar mutane. Ruwan da aka yi a tsaunukan ƙasar Gini, inda kogin ya samo asali, yakan shiga manyan fadamun ƙasar Mali ya bazu, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta a can, sa'an nan ya biyo ta Yamai ya iso mana wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi ne baƙin ruwa. Yana zuwa ne a tsakiyar hunturu, babu gajimare ko ɗaya a sama, ana sanyi ana ƙura. Baƙon da ya zo noman rani daga wata ƙasa, ya ga tsibirin yashi a bushe ya kafa bukka, bai san cewa ruwan da zai ci wurin ya riga ya taso tun watannin baya ba.

Saboda haka, maigida, kafin ka kafa sanda ɗaya, ka duba jikin itatuwan wurin. Ruwa yakan bar shaidarsa: zanen laka a gindin itace, busasshiyar ciyawa da tarkace da suka maƙale a rassa. Inda ka ga wannan shaida ta tsaya, ka wuce ta ka hau sama. Ka nemi Sarkin Ruwa na yankin ko wani dattijon masunci ka tambaye shi inda ruwa ya kai a shekarar da ya fi cika, ba bara kaɗai ba. Idan ka zauna, ka kafa kara a bakin ruwa ka riƙa dubawa safe da yamma. Ranar da ka ga ruwa ya haura alamar jiya da tafin hannu ko fiye, ka fara ɗaure kaya tun da rana. Kuma ka san hanyar da za ku bi zuwa tudu cikin duhu, ka nuna wa matarka da babban yaronka, domin ba lallai kana nan abin zai zo ba.

Ƙananan ƙoramu sun fi babban kogi saurin kisa. Busasshiyar ƙorama da farkon damina wuri ne mai daɗin kwanciya, yashi mai laushi, babu ƙaya. Amma ana iya yin ruwa a wani gari mai nisa da ba ku ji ko tsawarsa ba, cikin dare ruwan ya iso da ƙarfinsa. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A watan Yulin 2025, a jihar Texas ta Amurka, kogin Guadalupe ya cika cikin dare cikin ƙasa da sa'a guda, ya halaka fiye da mutum 100, ciki har da 'yan mata ƙanana da ke kwana a wani sansanin hutu a bakinsa. Ƙasa ce mai jiragen ceto da na'urorin hasashen yanayi, amma makwancin yaran yana kusa da ruwa. A can ma, shawarar da ake bai wa masu kwana a daji ita ce su ja baya daga bakin ruwa kimanin mita 60. Wahalar ɗaukar tulu na wannan tazara ba ta kai komai ba idan aka auna ta da abin da take karewa.

Akwai wani dalilin ja da baya. Har yanzu akwai dorina a wannan kogi. Da dare take fitowa kiwo, kuma tana da hanyarta da take bi kullum ta koma ruwa. Idan ka ga wata faffaɗar hanya da ta gangara cikin ruwa, ciyawa a tattake, ga manyan sawu, kada ka kafa bukka a kanta ko kusa da ita. Dorinar da ta firgita ruwa take nufa, ba ta kauce wa abin da ke gabanta. Haka nan wurin wanke-wanke: kada yana lura da inda ake zuwa kullum a lokaci guda, musamman inda ake zubar da hanjin kifi. A nisanta wurin gyaran kifi da wurin da mata da yara ke ɗibar ruwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato yara da ruwa. Iyaye mata, ku saurare ni da kyau. Yaron da ke nitsewa ba ya ihu. Ba ya kiran inna, ba ya fantsama ruwa yadda muke zato. Shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da za ki juya ki kwashe tuwo. Kuma ba sai kogi ba: ramin da aka haƙa don injin ban ruwa, kwatar da ke kai ruwa gona, har bahon wanki, duk sun isa su ci ɗan shekara biyu. Kuskuren da muka saba yi shi ne mu ce ai mutane na nan da yawa. Inda kowa ke ganin wani na kallo, babu mai kallo. A kama sunan mutum guda a ce kai ne, ko ke ce, mai tsaron yara daga yanzu zuwa azahar, kuma ya zama babba, ba 'yar shekara bakwai da aka goya wa ƙaninta ba. Idan iyalai uku ko huɗu ne a tunga, a kewaye wani ɗan fili da zana ko ƙaya a inuwa, a tara masu rarrafe da masu tatata a ciki, mata su riƙa karɓa-karɓa. Ba a kashe ko sisi a kan wannan, zana ce da haɗin kai.

Idan za a ƙetare da iyali a jirgi, a tuna da abin da ya faru a watan Mayun 2021 kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, inda jirgin da aka cika maƙil ya kife da mutane fiye da 100. Kada ku shiga jirgin da bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Kada ku yi tafiyar dare da yara. Inda aka raba rigunan ruwa, a sa su a jiki, ba a zauna a kansu ba.

Sai sauro. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa a jihar Kebbi kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. A wannan binciken, babu jihar da ta kai mu a duk Najeriya. Wannan ne ya sa da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disambar 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara kai wa. Abin baƙin ciki, yaron da ya fi kowa bukatar wannan allura, wanda ke kwana a tsakiyar fadama, shi ne wanda ma'aikatan lafiya ba sa tararwa a gida. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, ana komawa. Haka ma maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata da damina. Don haka kafin ku tashi, ku je asibitin garinku da katin yaro, ku gaya musu inda za ku da lokacin da za ku ɗauka, ku ji ranar komawa. Gidan sauro kuwa shi ne kaya na farko da za a ɗaure, kafin tukunya. Ina roƙon 'yan'uwana masunta da babbar murya: gidan sauron da aka ba ku don 'ya'yanku ba koma ba ne, ba kuma shingen lambu ba ne. Idan aka kama kifi da shi, an kwashe 'ya'yan kifin da za a ci baɗi, an kuma bar 'ya'yan gida ga sauro. Jikin yaro ya yi zafi a tunga, kada a jira kwana uku ana jiƙe-jiƙe. A kai shi a gwada jini a ranar. Idan ya fara fizge-fizge, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya amsawa, ko tsakar dare ne a tashi.

Gidan sauron nan, idan an cusa gefensa ƙarƙashin tabarma da kyau, yana kuma tsare mai barci daga maciji da kunama. Gara ma a ɗaga makwanci daga ƙasa da gadon kara. A share ciyawa kewaye da bukka, a ajiye buhun hatsi nesa da inda ake kwana, domin hatsi na kiran ɓera, ɓera na kiran maciji. Kada kowa ya fita da dare ba tocila ba takalmi. Macijin da ya fi kashe manoma da makiyaya a ƙasarmu ba gamsheƙa ba ce, kububuwa ce, 'yar ƙarama mai launin ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kamar ya ji sauƙi, har ya koma aiki, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta fitsari. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba tamau; ɗaurin nan ya sa an yanke ƙafafu da yawa. A cire zobe da abin hannu tun kafin kumburi, a tallafe gaɓar da kara kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗora shi a babur wani na riƙe da shi ta baya, a nufi babban asibiti. Addu'a a yi ta a hanya. Kuma tun ranar da kuka sauka, ku san mai babur ɗin da za ku kira, ku ajiye lambarsa.

Akwai wata cuta da muka mayar ba komai ba, ita ce tsargiya. Yaro ya fara fitsarin jini, a ce ai girma ne ya zo. Ba girma ba ne, tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga wata 'yar katantanwa da ke zama cikin ciyawar gefen ruwa, ya girma ya fito, ya huda fatar mai wanka ko mai wanki ya shiga jikinsa. Shekara da shekaru tana cin mafitsara, tana rage jini, a mata kuma tana taɓa mahaifa. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana raba ta kyauta a makarantu. Ɗan tunga da ɗan ruga da ba sa aji sukan rasa rabon. Ku tambaya a asibiti, ku karɓa musu.

Tushen tsargiya da na amai da gudawa ɗaya ne: inda ake zagayawa. A haƙa rami a kan tudu, aƙalla mita 30 daga ruwa, a kewaye shi, a riƙa zuba toka ko ƙasa. Ruwan sha a tace shi a tafasa, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa, a rufe tulu. In gudawa ta kama yaro kuma babu ƙunshin ORS, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Manoman shinkafa, ga taku ta musamman: jarkar maganin feshi ba ta zama ta ruwan sha, ko an wanke ta sau nawa. A fasa ta. Maganin kansa a rataye shi sama inda hannun yaro ba ya kai, ba a bukkar da ake dafa abinci ba.

Wuta ba ta bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa ganin bukkar zana ta kama da hunturu. Murhu ya kasance a gefen da iska ke fita, fetur ɗin inji a nesa da shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne gawayi. Sanyi ya matsa, a shigo da kaskon garwashi cikin tamfol ko leda a toshe ko'ina, a kwanta. Garwashi na fitar da wata iska marar wari marar launi, mai sa barci mai nauyi wanda ba a farkawa. Hayaƙin janareta ma haka yake. A ji ɗumi a waje, a ƙara mayafi a ciki.

Na so a ce zan iya gaya muku ku ɗauki yara ku kai su su ga giwa da ɓauna, domin muna zaune ne tsakanin manyan gandun daji biyu: gandun W da ya ratsa Benin da Nijar da Burkina Faso, da gandun Kainji a kudu da mu, inda a da baƙi ke kwana a bakin kogin Oli. Amma halin tsaro ya canza. A watan Fabrairun 2022 an kashe masu gadin daji a gandun W ta ɓangaren Benin, kuma 'yan bindiga sun sami mafaka a dazuzzukan yankin. Kada kowa ya kai iyalinsa kwana cikin gandun daji yanzu, da sunan kiwo ko su ko saran itace. A zauna kusa da jama'a, iyalai da dama wuri guda. Duk inda kuka sauka, ku fara gaida mai unguwa ko hakimi ko arɗo, a san da zamanku, a san adadinku. Wanda aka san da shi, shi ake nema in ya ɓace. Masu ƙetarawa ta Lolo zuwa Madekali, ko ta Tsamiya zuwa Segbana, su riƙe takardar shaida, su tuna cewa ko da harshe ɗaya ne da dangi ɗaya, doka ta bambanta. Tun ƙarshen 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare don kiwo, kuma dazuzzukanta na gwamnati suna da masu gadi. A tambayi arɗon wancan ɓangare halin da ake ciki kafin a kora shanu, kada a tsinci kai a hannun jami'an tsaro da mata da yara a baya.

Ranar tashi kuma, a bar wurin yadda wani zai iya sauka. A cike ramin bayan gida, a kashe wuta da ruwa har toka ta yi sanyi, a tattara leda da tsohon taru da batir. Itatuwan da ke bakin gaɓa a ƙyale su. Saiwarsu ce ke riƙe ƙasa, kuma duk inda aka sare su don banda kifi ko gawayi, gaɓar na zaizayewa, kogi ya matso ya ci gonar da ke bayanta. A nemi busasshen itace a tudu.

Yaran da suka isa makaranta fa? Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, kuma aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Idan tungarku ta tara yara da yawa, shugabanninku su je sashen ilimi na ƙaramar hukuma su nemi a turo malami. Idan hakan bai samu ba, yaron da ke aji a bar shi wurin kakarsa ko gwaggonsa a gari, ya riƙa zuwa tunga ranar da babu makaranta.

Lokacinmu ya cika. Wanda ya ji shirin nan, ya isar wa maƙwabcinsa na tunga da ba shi da rediyo. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba da sa'ar su da albarkar noma.